Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Tarihi Na Makarantun Sakkwato: Ina Sunayen Matan Da Suka Tsaya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina maza da mata, na firamare da na sakandare, da ku da ke koyar da masu koyarwa, ina gaishe ku da aiki. Allah ya ba da ladan alli. Ni ba malamar tarihi ba ce. Jinya na yi shekara 35 har na ajiye aiki, yanzu sai renon jikoki da zuwa Islamiyya, sai kuma karatun da ban samu sukunin yi ba lokacin da nake kwana asibiti. Idan kun ga na taka inda bai kamata ba, ku yi mini uzurin tsufa. Na ji daɗi da aka dawo da darasin tarihi makarantun ƙananan yara bayan ya yi fiye da shekara goma a waje, kuma tun da abin ya dawo hannunku, ku ne ya kamata in kawo wa kukana.

Zan fara da gidanmu, domin daga can abin ya samo ni.

Kakata ta wajen uwa ta rasu ina da shekara 15. Duk zaman da muka yi da ita, in aka tambaye ta garinsu sai ta ce can kudu, ta kama wata hira. In mun matsa, ta ce, "Ɗiyan ga, ku yi kurum, ba a hwaɗin sunan wanga gari." Sai a ciwon ajalinta, wani dare ina danna mata ƙafafu, ta faɗa mini ita 'yar Satiru ce. Ta ce ba ta wuce shekara shida ba ranar da aka ci garin. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne daren da ya gabaci ranar: ba matar da ta runtsa, sai daka ake yi, ana dama fura, ana cika tuluna. Da hantsi uwarta ta goya ƙanenta, ta aza tulu a kai. "Tat tahi wajjen da bindiga ka ƙara, don ta kai ma maza ruwa. Ba ta komo ba. Mu ko anka tasa mu gaba awa tumaki har birni." Na tambaye ta sunan uwar tata. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce Inna take ce mata, kuma ba ta taɓa jin wani ya kira ta da sunan yanka ba. Kun san alkunya irin ta mutanen da. Waɗanda suka san sunan duk sun kwanta a fili ɗaya rana ɗaya.

Kun fi ni sanin abin da littafi ya ce game da Satiru. A Fabrairun 1906 talakawa masu fartanya da gatari suka kashe Turawa uku da sojojinsu sama da ashirin a wani ƙauye da bai kai kilomita 30 daga birnin nan ba. A Maris aka koma musu da bindiga mai jigida, tare da mayaƙan sarakuna, aka kashe mutum kimanin 2,000, aka kwashe dubban mata da yara, aka la'anci wurin don kada kowa ya sake kafa bukka. Littafin ya san sunan Malam Isa, ya san Ɗan Makaho, ya san sunayen Turawan nan uku da muƙamansu. Matan kuwa adadi ne kawai, kuma sai a layin ganima ake ambatonsu. Na san akwai masu cewa Satiru tawayen Mahadiyya ne, bai cancanci a kira shi yaƙin neman 'yanci ba. Wannan gardamar taku ce, ku masana. Ni dai macen da ta nufi bakin bindiga da tulu a kai da goyo a baya, ko da wane suna kuka kira yaƙin, ba za ku ce mini ba ta je fagen fama ba.

Nijeriya ta karɓi mulkin kai a 1960 kan teburin shawara, ba ta bakin bindiga ba, kuma wannan abin godiya ne. Amma hakan ya sa yaranmu suka taso suna zaton ko'ina haka aka yi, an sauke tuta an ɗaga tuta an buga badujala. In kuma an ce yaƙi, hoton da ke zuwa musu namiji ne bisa doki. In an ce a kawo jarumar mace, aji gaba ɗaya zai amsa da Sarauniya Amina ta Zazzau, daga nan sai shiru, kamar ita kaɗai Allah ya yi. Ina roƙonku ku buɗe musu taga su leƙa maƙwabta, inda aka sayi 'yanci da jini, su ga su wane ne suka biya kuɗin.

Ku fara da Aljeriya, ƙasar Musulmi 'yan'uwanmu, Malikawa irinmu, wadda Hamada ce kawai da Nijar suka raba mu da ita. Faransa ta shiga ƙasar a 1830, ba ta fita ba sai 1962, shekara 132. Tun farkon mamayar akwai Lalla Fatma N'Soumer, 'yar gidan malamai a duwatsun Kabiliya, wadda ta jagoranci maza da mata suka tare sojojin Faransa a 1854. Sai a 1857 aka kama ta, ta rasu a tsare a 1863. Ku lura da shekarar. Nana Asma'u ta rasu a 1864. Ashe lokacin da Nana ke nan Sakkwato tana naɗa wa jajis, wato matan da ta horar su zama malamai, malfa tana tura su ƙauyuka koyar da mata, akwai wata 'yar malamai a ɗaya gefen Hamada tana tsara mayaƙa a kan dutse. Wane yaro ne za a faɗa wa wannan ya yi gyangyaɗi a aji?

Babban yaƙin ya fara ranar 1 ga Nuwamba 1954, aka yi kusan shekara takwas ana yi. Sunayen da duniya ta sani su ne na 'yan matan birnin Aljiyas. Jamila Buhairad, wadda aka harba aka kama a 1957, aka gana mata azaba don ta tona asirin 'yan'uwanta, aka yanke mata hukuncin kisa, sai da duniya ta yi ca a kan Faransa sannan aka sassauta, ta fito a 1962. Hasiba Ben Bu'ali, 'yar shekara 19, wadda sojojin laima suka kewaye gidan da take ɓoye tare da abokan gwagwarmayarta a tsohuwar unguwar Kasba cikin Oktoban 1957, aka ce su fito suka ƙi, aka tarwatsa gidan da nakiya suna ciki. Yau akwai jami'a da sunanta a garin Shalif. Jamila Bubasha, wadda aka kama a 1960 aka yi mata irin cin mutuncin da alƙalamina ba zai rubuta ba, kuma maimakon ta haɗiye kamar yadda aka saba, ta yarda lauyarta ta kai maganar gaban duniya. A wurina wannan tsayuwar ta fi ɗaukar bindiga wuya. Na yi jinyar mata da yawa da aka yi wa irin wannan ta'asa, kuma na san yadda harshe ke yin nauyi.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Malika Ga'id, saboda abokiyar sana'ata ce. Ma'aikaciyar jinya ce da ta bar asibiti ta bi mayaƙa cikin duwatsu, aka kashe ta a 1957 a kogon da take jinyar masu rauni, tana kare su. Ku da ba ku taɓa wanke gyambo ba, bari in faɗa muku abin da wannan ke nufi. Raunin harsashi in ya kwana uku babu magani, wari yake yi. Mai shi zazzaɓi ke kama shi, ya riƙa sambatu, ya yi ihu. A asibiti in majinyaci ya yi ihu sai ka nemo allurar kashe zafi. A kogo kuwa, da sojoji na sintiri a ƙasan dutse, ihunsa na iya kashe kowa. Mai jinyar ce za ta toshe masa baki da hannu ɗaya, tana matse ruɓa da ɗayan, babu fitila, babu safar hannu, bandejin tsumman zane ne da aka tafasa. Ni da nake da wutar lantarki da ɗakin magani, akwai daren da na fita bayan ɗaki na yi kuka. Ita ta yi watanni a haka.

To amma ga inda nake so ku tsaya da kyau. Wata da ta yi yaƙin da kanta, ta sha ɗauri, daga baya ta zama malamar tarihi irinku, Jamila Amrane, ta bi rajistar tsofaffin mayaƙa ta ƙasar ta ƙirga. Ta samu mata kusan 11,000, wajen kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka rubuta. Cikinsu masu kai hari a birni, waɗanda ake kira fida'iyyat, 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Mafi yawa matan ƙauye ne da ake kira musabbilat, waɗanda aikinsu dafa abinci, ɓoye mayaƙa, kai saƙo, wanki, da leƙen hanyar da sojoji suka bi. Kuma waɗannan su ne suka iya cika takarda aka rubuta su. Matar ƙauyen da ba ta karatu, wadda ta gasa gurasar mutum arba'in cikin dare ta share sawunsu kafin asuba, ta tsaya gaban soja ta rantse ba ta ga kowa ba alhali suna ƙarƙashin rumbunta, wa ya kai ta ofishin rajista? Faransa ta san darajar wannan aikin ko da masu rubuta tarihi ba su sani ba. Shi ya sa ta kwashe mutanen karkara kimanin miliyan 2 ta tsare su a sansanoni, don a raba mayaƙa da masu ba su tuwo. Mayaƙi ba ya cin harsashi. In an kashe murhu, yaƙi ya ƙare.

Har tufafin mata sai da ya zama fagen daga. Wasu sun ɓoye bindiga da takardu cikin farin mayafinsu na haik suka wuce shingen soja. Da sojoji suka farga suka fara lalube, wasu 'yan mata suka ajiye mayafin suka yi shigar Turawa don su wuce ba a tsayar da su ba. A Mayun 1958 kuma masu mulkin mallaka suka shirya taro a bainar jama'a a Aljiyas ana cire wa mata lulluɓi ana tafi, wai an 'yanta su, alhali ƙasarsu na hannun masu tafin. Wannan darasi ne da 'yan matanmu masu hijabi za su fahimta tun kafin ku gama bayani.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba, kuma ina roƙon ku ma kada ku ɓoye. Ranar 30 ga Satumba 1956 wasu 'yan matan birnin Aljiyas sun ajiye bama-bamai a wuraren shan lemo da madara inda Turawa farar hula ke zama. Mutane sun mutu, yara sun rasa gaɓoɓi. Zuhra Darif, wadda ta ajiye ɗaya daga ciki, ta rayu har ta zama 'yar majalisa. Masu kare aikin suna cewa makonni kaɗan kafin nan Turawa 'yan kaka-gida sun tayar da bam a Kasba sun kashe Musulmi da dama suna barci, kuma gaskiya ne an yi haka. Amma mu mutanen Arewa da muka ga yadda aka riƙa ɗaura wa 'yan mata ƙanana bam ana tura su kasuwa da tasha, ba mu da damar mu ba da wannan labari muna murmushi. Addininmu ya hana kashe yaro da mace da tsoho ko a tsakiyar yaƙi. Ku faɗa wa ɗalibai abin da ya faru, ku faɗa musu zaluncin da ya haife shi, sannan ku bar su su yi gardama a kai. Yarinyar da aka koya wa auna irin wannan a aji, da wuya wani ya zo da daɗin baki ya ɗaura mata abin da ba ta sani ba. Ni ra'ayina, Malika da ke kogo ta fi mai jakar bam cancantar a liƙa hotonta a bango, amma ba zan hana a san duka biyun ba.

Sauran ƙasashen zan bi su da sauri, kuna da littattafan. A Gini Bisau akwai Titina Sila, jagora a fagen arewa cikin yaƙin da suka yi da Fotugal. Sojoji suka yi mata kwanton ɓauna tana ƙetare kogin Farim ranar 30 ga Janairu 1973, a hanyarta ta zuwa jana'izar shugabansu Amilcar Cabral da aka kashe a Konakiri kwana goma kafin nan. Wannan rana ita ce ranar mata a ƙasar har yau. A Mozambik ƙungiyar neman 'yanci ta FRELIMO ta kafa rundunar mata a 1967, kuma ranar 7 ga Afrilu da suke bikin mata ranar rasuwar Josina Machel ce, wadda ciwo ya ɗauke a 1971 tana da shekara 25. A Eritiriya, yaƙin shekara 30, daga 1961 zuwa 1991, wajen kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan babbar ƙungiyar mata ne, har da masu tuƙa tankar yaƙi. A Kenya, Muthoni wa Kirima ta zauna daji tare da 'yan Mau Mau masu yaƙar Turawan Ingila har sai da aka samu mulkin kai a 1963. Ta ƙi aske gashin da ta fito da shi daga daji kusan shekara 60, domin a ganinta abin da suka yi yaƙi dominsa bai iso hannun waɗanda suka yi yaƙin ba. Sai a 2022 ta yarda aka aske, ta rasu a 2023.

Wannan gashin nata shi ne rabin labarin da ba a so a faɗa. Bayan an ci nasara, me aka yi da matan? A majalisar farko ta Aljeriya a 1962, mata 10 ne kacal cikin wakilai kusan 200. A Eritiriya da yawa daga cikin waɗanda suka dawo daga fagen fama sun tarar dangin miji ba sa son suruka mai tabon harsashi da kaifin baki. A Bangladash, wata 'yar ƙauye mai suna Taramon Bibi ta shiga sansanin mayaƙa a 1971 a matsayin mai dafa abinci, ta koyi harbi, ta yi yaƙi da sojojin Pakistan. A 1973 gwamnati ta sa sunanta cikin waɗanda aka ba lambar jarunta ta Bir Protik, mata biyu ne kawai suka samu a lokacin. Ba wanda ya je ya faɗa mata. Tana can ƙauye cikin talauci da ciwo, sai a 1995 wani mai bincike ya gano ta, aka kai ta birni aka miƙa mata lambar bayan shekara 22. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kun koyar da jaruntar kuka bar wannan ɓangaren, kun yi wa yara tatsuniya.

Yanzu mu dawo gida, ko in ce bakin ƙofa. Wanda ya tashi daga nan ya bi hanyar Illela ya ƙetara, yana Birnin Ƙonni. A Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi wa garin kisan kiyashi. Makonni kaɗan kafin nan, a watan Afrilu, rundunar ta isa Lugu a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi. Garuruwa da yawa sun buɗe ƙofa don tsoron abin da suka ji, wasu sun watse. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tara mutanenta da kwari da baka suka tare su, suka kashe musu sojoji suka raunata wasu, sannan suka janye cikin kurmi, Turawa suka ƙone gari babu kowa. Bayan wata uku sojojin rundunar da kansu suka harbe Voulet da Chanoine. Sarauniya Mangu Bahaushiya ce, da Hausa ta ba da umarni, kuma har yau ana naɗa Sarauniya a Lugu. A Nijar ɗan firamare ya san ta. A nan, na tambayi jikokina shida da ke makarantu daban-daban, babu wanda ya taɓa jin sunanta. Na san dalili ɗaya, kuma gara a faɗe shi: Ba'azniya ce, ba Musulma ba, kuma mutanenta ba su bi Daular Usmaniyya ba. To sai me? Wanda ya zo ƙona Ƙonni bai tambayi kowa ko yana salla ba. In za mu iya koya wa yara sunan Lugard da ya ci mu, ban ga abin da zai hana mu koya musu sunan macen da ta ƙi a ci ta ba.

Sai namu na cikin gida. Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya da Turawan Ingila a bayan ganuwar birnin nan. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, maza da mata da yara, har Burmi a ƙasar Gombe ta yau, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane a watan Yuli. Waɗanda suka tsira suka ci gaba har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake. Wata huɗu ana tafiya ana faɗa tsakanin Giginya da Burmi, daga ƙarshen rani har cikin damina. Wa ya ɗebo ruwa? Wa ya yi daka? Wa ya haihu a gindin kalgo ya tashi ya bi ayari? Wa ya wanke masu rauni bayan karon farko na Burmi? Shekara ɗari kafin nan ma haka aka yi. Nana Asma'u tana da shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da annoba da gawawwakin Tsuntsuwa da Alwasa, kuma da ta girma ta zauna ta tsara labarin tafiyar cikin waƙa don matan da ba sa karatu su haddace. Da ba ta rubuta ba, da abubuwa da yawa sun bi iska. Ita ta nuna mana cewa mace na iya zama mai ajiye tarihin yaƙi. Mu da ke alfahari da ita, muna sa wa makarantu da 'ya'yanmu sunanta, mun bar aikin nata ya tsaya.

Na san za a samu wanda zai ce, Hajiya, so kike a zuga 'ya'yanmu mata su bar ɗaki su ɗauki makami? Allah ya gafarta malam, ba ni na fara ba. A Islamiyya aka karantar da ni cewa ranar Uhudu, da maza suka watse, Nusaiba 'yar Ka'ab ta tsaya da takobi da garkuwa tana kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka sare ta a kafaɗa, kuma daga baya ta rasa hannu a yaƙin Yamama. A ranar ce Nana A'isha da Ummu Sulaim suka riƙa ɗauko salkunan ruwa a bayansu suna zuba wa masu rauni a baki. Rufaida ta kafa tantin jinya a masallacin Madina, can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Safiyya gwaggon Annabi ta kashe ɗan leƙen asiri da turken tanti. Muna karanta waɗannan muna cewa Allah ya ƙara musu yarda. Salkar Uhudu da tulun Satiru, aikin ɗaya ne. Ba wanda ya ce yarinya ta nemi yaƙi. Yaƙi ne ke zuwa ya tarar da ita a tsakar gida, kuma yau ma yana zuwa. Ku tambayi matan Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da ke zaune a kangaye da gefen tituna cikin garin nan. Akwai wadda ta kwana cikin gero da yara huɗu tana toshe bakin jariri da nono don kada 'yan bindiga su ji. Akwai wadda ta ɗauki kuɗin fansa ta shiga daji ita kaɗai saboda in namiji ya je ba ya dawowa. Wa ke rubuta sunayensu? Nan da shekara ɗari su ma za a ce "mata da yara", a sa adadi.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafin kuɗi ko jiran Abuja. Manhaja ta ba ku batun mulkin mallaka da gwagwarmayar neman 'yanci. In kun zo wurin, kada ku tsaya kan matan Aba na 1929 da Funmilayo Ransome-Kuti da Hajiya Gambo Sawaba a layi biyu ku wuce, ko da yake su ma sun cancanci fiye da layi biyu, musamman Gambo da aka ɗaure sau 16. Ku ba da mako guda cur. Ku kawo taswira ku nuna Lugu da Satiru da Burmi da Kabiliya. Sannan ku ba da aikin gida irin wanda ba a kwafa daga intanet: kowane ɗalibi ya je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidansu ko unguwarsu, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya kai mata goro, ya nemi izini ya kunna rikodar waya, ya tambaye ta abin da kakarta ta faɗa mata game da zuwan Nasara. Kada ya tambaye ta yaƙi kai tsaye, za ta ce ita mace me ta sani. Ya tambaye ta me aka ci a lokacin, ina aka ɓoye hatsi, wa ya ɗauki wa, wace waƙa ake yi wajen daka da niƙa. Ta nan labarin ke fitowa. Kuma ya nace a kan suna, sunan yanka da na uba da na gari. 'Yan mata za su fi samun wannan, domin akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa namiji ba ko jikanta ne.

Waɗanda suka ga 1903 da idonsu sun tafi, 'ya'yansu ma sun tafi. Saura mu jikoki da muka ji daga bakinsu, kuma mu ma layinmu ya matso. Abin da kuka tara, ku zaɓi mai kyau ku kai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a ajiye, shi ma Wazirin jinin Nana Asma'u ne. Malaman sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari su taimaka wajen tacewa, a raba abin da aka gani da abin da aka ƙara masa gishiri, don na san tsofaffi, ni ma ɗaya ce. Gidan Rediyon Rima kuma in ya samu irin wannan, ba na jin zai rasa masu saurare.

Ni na riga na yi nawa. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na zaunar da babbar jikata, ta kunna wayarta, na ba ta labarin kakata kamar yadda na ji shi a daren nan, da Sakkwatancinsa da komai. Minti goma sha ɗaya ya kama. Da ta zo rubutawa a littafinta ta ja layi uku, na suna, na gari, na shekara. Ta cika biyu, Satiru, 1906. Ta ɗago kai tana jirana. Na ce ta bar na farkon a buɗe, ko Allah zai sa cikin ɗalibanku wani ya dawo daga Dange ko Shuni ko Boɗinga da labarin wata mata mai goyo da tulu.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Sakkwato.